Bi-rana a Cikin Ganyen Fita

Duk Zangon Kumasi, in ana maganar ɗaurin huhun goro, sunan Baba Zuberu ake fara kira. Ba attajiri ba ne, ko ƙwarya guda ta goro ba tasa ba ce, ɗauri kawai yake yi wa masu kaya. Amma in ya shimfiɗa ganyen fita, ya yayyafa ruwa, ya jera goro ya tamke da igiya, to ko Agadas za a kai huhun nan, sai an buɗe an tarar da goro da sanyinsa kamar jiya aka ɓare shi. Hannun nan nasa, wallahi, ya fi sanin abin da goro ke so bisa abin da cikinsa ke so. Sai dai ka miƙa masa fartanya ka sha dariya. A Salaga aka haife shi, tun yana ƙarami aka kawo shi rumfar goro, har gemu ya yi fari bai taɓa tura ko ƙwayar masara cikin ƙasa ba.

Matarsa Lariya ce mai shuke-shuke. Shukar ma ba ta miya ba, balle a ce da amfani. Wata matar Kwara, farar fata, da take kai wa man gyaɗa ce ta ba ta irin tun da daɗewa, wani dogon fure mai faffaɗan kai ruwan ɗorawa. Babu wanda ya san sunansa a gidan, sai Lariya ta ce masa bi-rana, kowa ya bi bakinta. Duk damina sai ta shuka shi a ɗan tsukin da ke tsakanin bayan ɗakinsu da katanga, inda ruwan alwala ke gangarawa. In kan ya bushe ta karkaɗe, ta ba yaran gida su ɓare su ci, sauran ta ƙulle a kallabi sai baɗi. Shekara ashirin Baba Zuberu yana wuce shi yana tsaki.

"Ciyawar da ba a miya da ita, ba a kai ta kasuwa! Ki shuka kuɓewa mana."

Ita kuwa sai ta ce, "Kai dai tafi wurin goronka."

Da Allah ya yi wa Lariya rasuwa, 'yarsu Fusena ta ɗauki aikin. Ita kaɗai ta rage musu, abokiyar tagwaicinta tun a goye ta koma. Daga unguwar Sofoline take takowa, inda mijinta Awalu ke gyaran mota a bakin titi, ta zo ta shuka, ta zo ta yi ciro, ta zo ta karkaɗe iri, ta tuƙa wa uban tuwo ta koma.

Sai ga doka ta faɗo ana cikin azumi. Gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar, mako biyu. Kai jama'a! Wa ke da takarda a Zango? Mutumin da aka binne cibiyarsa a bayan masallacin unguwa, ka ce masa baƙo, ya nuna maka me? Awalu a Kumasi aka haife shi, in yana ciniki da Tonawa, 'yan asalin garin, ba ka ce ba ɗansu ba ne, amma ubansa daga ƙasar Dogondutsi ya zo, can Nijar, shi ke nan magana ta ƙare. Baba Zuberu ɗan ƙasa ne, dokar ba ta hau kansa ba, kuma abin da ya fi ci masa rai ke nan, an bar shi an kwashe masa kowa. Ya je wurin liman, ya je wurin mai unguwa, ya je ƙofar wani alhaji da ya yi wa ɗauri shekara da shekaru, ya tarar da alhajin a tsaye ana loda masa gado a lori. Wa zai roƙa? Ya dawo da bakin azumi ya zauna a ƙofar ɗaki.

Ya ce wa Fusena ta zauna, ai ita 'yarsa ce, ba mai taɓa ta. Ta ce, "Baba, in na zauna, su Ummu fa?" Yara biyu gare ta, Ummu da ƙaninta. Bai sake tayar da maganar ba.

Ana gobe tafiya ta zo da tsohon kallabin uwarta. Ta kwance ƙullin a kan tabarma, ta raba irin gida biyu da gefen hannu.

"Baba, rabi naka, rabi nawa. In ruwa ya sauka ka shuka. Ni ma duk inda muka sauka zan shuka."

"Ke Fusena, ana korar mutane kina rabon ciyawa?"

"Na Mma ne, Baba."

Ya karɓi kallabin ya jefa cikin akwati, ya tura akwatin ƙarƙashin gado da ƙafa, don ya san in ya ci gaba da kallonta zai yi abin kunya a gaban jikoki. Washegari suka hau lorin Mutaru, direban da ke kai goro arewa, wanda a makon nan mutane yake lodawa a madadin huhu. Sallar azumin shekarar nan ba a yi ta ba a Zango, an dai je idi an dawo.

An fi wata guda kafin Mutaru ya sake bayyana. Ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya gaida Baba Zuberu, ya ce sun isa, suna Dogondutsi a wata rumfa bayan tasha, Fusena na dama koko tana sayarwa, Awalu na yawon neman aiki. Sai ya tsaya yana murza hularsa.

"Faɗi mana. Wani ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu, Baba. A kan iyaka ne aka tsare mu kwana da kwanaki, rana na dukan mutane, guzuri ya ƙare. Yaran suka yi ta kuka. Sai ta kwance wani ƙulli tana ɓare musu ɗai-ɗai har ya ƙare. Ta ce in gaya maka naka kaɗai ya rage a duniya. Ta ce don girman Allah ka shuka, in ya yi ka aiko mata da iri ta hannuna."

Mutaru na fita Baba Zuberu ya janyo akwatin. Ya kwance kallabi, ya zuba irin a tafin hannu, sai gabansa ya faɗi. A bushe suke ƙamas. Ya girgiza su, suna ƙara kamar tsakuwa. Ya danna guda da farce, ba danshi ko kaɗan. To ku sani, a wurin mai goro, abin da ya bushe ya mutu. Aikinsa ke nan tun tasowarsa, hana abu bushewa.

"Innalillahi! Na kashe su," in ji shi. "Na bar amana cikin akwati ba ruwa ba ganye."

Bai tambayi kowa ba. Me zai tambaya, shi da ake zuwa tambaya? Ya tafi rumfa ya zaɓo fita ɗanye shar, ya wanke, ya jiƙa irin, ya shimfiɗa, ya yayyafa, ya naɗe, ya ɗaure ɗan ƙaramin huhu kamar dunƙulen hannu, ɗaurin da ko alhaji bai taɓa samun irinsa ba. Ya ajiye a gindin randa inda ya fi sanyi. Safe da yamma yana yayyafa masa ruwa, hankalinsa kwance, wai don damina ta zo ta same su da rai.

Ran da ya buɗe don ya duba, wari ne ya fara yi masa sallama. Funfuna ta lulluɓe su fari fat, yawancinsu sun ruɓe sun koma kamar jiƙaƙƙiyar dusa. Ya fito da su tsakar gida wurin haske, ya shiga zaɓe yadda ake zaɓen goro, ruɓaɓɓu gefe, masu dama-dama gefe. Masu dama-daman kuwa duk sun fasa baki sun fito da wata 'yar farar wutsiya. Wannan ma ya san maganinsa. Goro in ya yi tsiro a huhu, tsinke tsiron ake yi kafin ya shanye ƙwayar. Sai ya sa farce ya fara tsinkewa, ɗaya bayan ɗaya, yana yi yana bismilla.

Allah ya kawo Mma Sala, maƙwabciyar ɗakinsa, Badagomba mai sayar da waake, wato shinkafa da wake, a ƙofar gida, wadda ta taso a gona kafin aure ya kawo ta Kumasi. Ta zo wucewa da tukunya a hannu.

"Baba Zuberu, me kake yi haka?"

"Gyara nake."

Ta leƙo, ta dire tukunyar, ta ɗora hannu a ka. "Wayyo Allah! Kashe su kake yi! Wannan farin abu ai shi ne saiwa, shi ne ran!"

"Tsiro ne. Tsiro ɓata kaya yake."

"Goro ne aka ce maka? Iri bushewa yake so, Baba, barci yake yi a ciki. Ka tashe shi ba lokaci ba, ka kuma zo kana yanke masa ƙafa. Ba ka san komai ba koraa, ko kaɗan!"

A rayuwarsa ba a taɓa ce masa bai san komai ba ya yi shiru, sai ran nan. Ya dubi tulin waɗanda ya tsinke, ya dubi waɗanda farcensa bai kai gare su ba. Biyar ne. Daga cikin tafin hannu guda na irin Lariya, biyar. Kunya ta kama shi, tsoro ya kama shi, sai ya ji kamar ya ɗora hannu a ka shi ma. Da ƙyar ya ce, "Yanzu ya za a yi, Sala?"

"Ba a jiran damina kuma. Wanda ya tashi ya tashi. Ƙasa, yanzu-yanzu."

Da wuƙar yankan igiya ya tona ramukan, tana tsaye a kansa tana faɗa. Ya yi zurfi, ta ce kabari yake haƙa ne? Ya rage, ta ce kaji za su tone. Ya rufe, ya ɗauko bokiti zai juye gaba ɗaya, ta riƙe masa hannu ta ce kaɗan-kaɗan, ba wankan gawa ba ne. Daga ranar, dattijon da ba a taɓa gani a bakin famfo ba ya shiga layi da mata da bokitinsa, suna yi masa tsiya yana sunkuyar da kai. Aiki ma ba shi da shi sosai, masu kayan da yake yi wa ɗauri duk sun tafi, rumfunan goro rabi a kulle. Sai ya zama ba shi da wurin zuwa in ba bayan ɗaki ba.

Duka biyar ɗin suka fito, kowanne da 'yan kunnuwa biyu. Ran nan har waake ya saya wurin Mma Sala ya raba wa yaran gida sadaka. Huɗu suka miƙe da ƙarfinsu. Na biyar ɗin wani ɗan tsamurarre ne a can kusurwa, kaji sun tsattsage masa ganye, sai ya kife shi da wani ɓallallen kwandon goro ya ɗora dutse. Bai sa masa rai ba, tausayi ne kawai.

Babbar Sallah ta gabato, Maigida Abukari, mai gidan da suke haya, ya sayo ragon layya, wani ƙato mai ƙaho a murɗe, ya ɗaure a tsakar gida. Baba Zuberu, da ya san igiya kamar yunwar cikinsa, kallo ɗaya ya yi mata ya ce, "Maigida, igiyar nan ta mutu, bari in kawo maka wata." Maigida ya ce ba komai, Baba, kwana nawa ne. Ran Juma'a aka tafi masallaci aka dawo, sai ga rago a bayan ɗaki, guntuwar igiya na reto a wuyansa, yana tuƙa hankali kwance. Huɗun nan ya share su har ƙasa, ko kututture bai bari ba. Kwandon kawai ya ture bai kai ga buɗe shi ba.

Baba Zuberu ya tsaya baki buɗe, takalminsa a hannu. Maigida ya zo ya ja ragonsa yana cewa, "Kafra, Baba, yi haƙuri. Ai ciyawa ce, za ta sake fitowa."

Ciyawa. Ya ji kalmar ta shige shi har ƙashi, don ya san bakin da ya fara faɗinta a gidan nan. Ya so ya yi faɗa, wallahi ya so, amma ɗakin ba nasa ba ne, kuma tun da aka kori mutane 'yan ƙasa suka kwararo Zango neman ɗaki, ba sa ƙirguwa. Sai ya ce, "Ba komai, Maigida." Ran Sallah aka aiko masa da cinya guda cikin tasa, don dai a wanke laifi. Ya zauna ya daɗe yana kallon naman. Daga baya ya miƙa wa Mma Sala ta bayan labule, ya ce haƙoransa ba sa iyawa.

Sai ya rage saura ɗaya, tsamurarren nan da ba a sa wa rai ba. Ya kewaye shi da tsofaffin kwanduna, ya ɗaure su da igiyar huhu har akuya ba ta iya tura hanci. Ya kai tabarmarsa can. In zai fita masallaci sai ya bar wa Mma Sala amana, ita kuwa tana cewa, "Ni waake zan sayar ko gadin fure?" amma tana leƙawa. Ba abin da ya sani, wannan shi ne azabar. In ganye ya yi rawaya bai san ko ruwa ya yi yawa ko ya yi kaɗan ba. In ya langaɓe da rana sai hankalinsa ya tashi, in ya miƙe da yamma sai ya ce alhamdulillahi kamar an sallamo mara lafiya. Tsutsa ta zo, ya bi ta da hannu ganye-ganye. Ruwan farko ya sauko da iska mai ɗaye kwanon rufi, ya fita cikin ruwan da tsufansa ya rungume karan da hannu biyu har iskar ta lafa, sannan ya kafa masa sanda. Sai da ya yi kwanaki yana tari.

Abin ya ƙi mutuwa. Ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya wuce kan Baba Zuberu. Ya fitar da wani ɗan dunƙulallen kai kore a sama. Zaman da yake yi a gindinsa ne ya sa ya lura, da safe kan yana duban gabas, da azahar yana sama, da la'asar ya juya ya bi rana har ta faɗi, gari na wayewa kuma ya koma gabas yana jira. Shekara ashirin abin nan na faruwa a bayan ɗakinsa bai taɓa tsayawa ya gani ba. Shi a zatonsa suna ne kawai ta ƙirƙira. Ya ce a fili, ba kowa a wurin, "Ashe da gaske kike, Lariya." Sai hawaye suka zubo masa, ya bar su, tun da katanga ce kawai ke kallonsa.

Ran da furen ya buɗe, duk gidan sai da aka zo kallo. Faɗinsa ya kai faifai, rawaya har tana ɗaukar ido, zuma na shiga tana fita. Ya daina juyawa kuma, ya tsaya gabas cak. Maigida Abukari ma ya leƙo ya ce tubarkalla. Baba Zuberu na tsaye a gefe yana amsa barka kamar an yi masa haihuwa.

Kwana kaɗan da buɗewarsa sai ga Mutaru.

"Ka zo a daidai!" in ji Baba Zuberu, ya ja shi bayan ɗaki tun bai gama gaisuwa ba. "Duba! Sai ka tafi mata da irin."

Mutaru ya duba, amma fuskarsa ba ta saki ba. "Baba, wannan lodin shi ne na ƙarshe. Mai motar yana can Yamai, ya ce in kawo masa abinsa, kada in dawo. Ni ma 'yar takardar da suka ba ni ta kusa ƙarewa. Jibi da safe zan tashi."

"To ai ga shi ya yi. Sala! Zo ki nuna min yadda ake karkaɗewa."

Mma Sala ta zo tana goge hannu a zane. Ta taka turmi, ta sa farce a gefen kan ta zaro ƙwaya guda, ta matse ta tsakanin yatsu. Fara ce, laushi tiɓis, ɗan ruwa ya fito kamar nono. Ta nuna masa. Ta yi magana, kuma yau ba faɗa a muryarta.

"Bai nuna ba, Baba. Kamar dawa ne. Sai furen ya zube, kan ya sunkuya, ya bushe a tsaye. Wata guda, ko fiye."

Ya juya ga Mutaru. "Don darajar iyayenka, ɗana. Wata guda."

"Baba, da motata ce, wallahi ko wata uku ne."

"To kwatanta min wurin. Wani direba zai kai."

Mutaru ya sunkuyar da kai. "Ba za su daɗe a tashar ba. Awalu bai sami aiki ba. Kafin ruwa ya sauka can za su shiga daji wurin dangin ubansa, su yi noma. Ban san sunan garin ba, shi kansa da tambaya zai je. In ban same su a wannan zuwa ba, ban san wanda zai same su ba."

Babu dabarar da Baba Zuberu bai kawo ba. A tumɓuke shi da ƙasarsa a sa a bokiti ya ƙarasa nuna a hanya? Mma Sala ta ce kafin Tamale ya mutu. A yanke a shanya a kan kwano? Ta ce ƙaiƙayi zai samu, ba iri ba. A ƙara masa toka, a rage masa ruwa, ko zai yi sauri? Ta ce, "Baba, ba ya sauri don kowa." Sai ya zauna a kan turmin. Magana ta fito fili, ba wani ɓoye-ɓoye. In ya bar shi, zai sami iri amma ba mai kaiwa. In ya yanke shi, Fusena za ta ga furen uwarta sau ɗaya, irin Lariya kuwa ya ƙare a duniya, kuma da hannunsa.

Yinin washegari bai ci komai ba. Mma Sala ta kawo masa koko ya huce a gabansa. Ta ce, "Ka bar shi, Baba. Iri ya fi fure. Wata rana Allah zai kawo wanda ya san inda suke."

"Wata rana," in ji shi. "Sala, dube ni da kyau. Damina nawa kike ganin ta rage min? In zauna ina shukawa ina kallo ni kaɗai, ran da na mutu Maigida ya ɗaure rago a wurin?"

"Amma iri ta ce ka aiko."

"Na sani. Na san abin da ta ce."

Ran tafiya, ana idar da asuba ya tafi rumfa ya zaɓo fita, ganye-ganye yake ɗagawa yana dubawa, wanda ke da ko ɗigon tabo ya ajiye. Ya dawo rana ba ta yi zafi ba, raɓa na kan furen. Ya hau turmi, ya yi bismilla, ya sa wuƙa. Mma Sala na ƙofar ɗakinta, ta juya baya.

A nan kam ba wanda ya gaya masa yadda zai yi. Ya naɗe bakin yankan da jiƙaƙƙiyar auduga. Ya shimfiɗa fita a ɗan kwando, sanyin ganyen yana ciki, ya yayyafa ruwa da yatsu uku, ba yawa. Ya kwantar da kan, ya bi furannin ɗaya bayan ɗaya yana miƙar da su don kada wani ya karye a ƙarƙashin ɗan'uwansa. Ya rufe da kallabin Lariya, ya ƙara fita, ya ja buhun algarara, ya ɗaure.

A tasha an gama lodi, inji na ruri. Ya miƙa wa Mutaru ɗan huhun da hannu biyu.

"Ba a baya ba. A gaba, kusa da kai, amma nesa da zafin inji. Kada rana ta taɓa shi. Safe da yamma ka yayyafa wa buhun ruwa, buhun kawai, kada ka buɗe. Ita za ta buɗe da hannunta."

"To, Baba."

"Zai kai. Wannan kam na sani, zai kai."

Mutaru ya ajiye shi a kan kujera, ya sa ƙafa ɗaya a mota, sai ya waiwayo. "Baba, in ta ce ina irin fa?"

Yaron mota na dukan ƙofa, wani na danna oda a baya. Baba Zuberu ya matso kusa da shi.

"Ka ce mata ta kira su Ummu su zo su gani. Ka ce kada ta yi saurin rufewa. Ta kalla da kyau, don babu wani."

Motar ta tashi. Ya tsaya har ta sha kwana, sannan ya kamo hanyar gida a ƙafa. Da azahar ya yi alwala a bayan ɗaki, ruwa ya rage a buta, ya miƙa hannu ya juye shi a gindin karan nan mara kai, kaɗan-kaɗan, yadda aka koya masa. Mma Sala na tsaye da tukunyarta, ta buɗe baki za ta ce masa ba ya sake tohowa. Sai ta rufe bakinta ta wuce.